Fallen Ƙarshe a Gwangwanin Baba Tasha

Ni ba mai rubutu ba ne. Aji huɗu na tsaya a firamare, daga nan bayan mota ne ya ƙarasa rainona, don haka wanda ya ga gyara a nan ya gyara a ransa, kada ya zo ya same ni da shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani abu da na ga 'yata tana yi da waya. Ita ce babba a cikin 'ya'yana mata, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ran nan da la'asar ina zaune a tsakar gida ina shafa wa gwiwata man zafi, ita kuma tana kan tabarma tana kallon wani fim na ban tsoro, irin wanda ake ta kashe mutane a gida ɗaya ba a san mai yi ba. Ko minti goma ba a yi da farawa ba na ga ta ɗora yatsa a gilashin ta ja shi can ƙarshe, ta ga wanda ya yi kisan, ta ce ai ta sani, sannan ta dawo farko ta ci gaba da kallo tana cin gyaɗa. Na daɗe ina kallonta. Wato yanzu ƙarshen labari da yatsa ɗaya ake kaiwa gare shi. Mu a zamaninmu a cikin gwangwani yake, kuma mutum ɗaya ne a duk Gumel yake da ikon buɗe shi.

Lokacin ina saurayi, gemu bai kai ga fitowa sosai ba, ina karen mota a wata tsohuwar a-kori-kura mai jigila tsakanin Gumel da Maigatari, wani bi mu leƙa Sule Tankarkar idan an samu buhuna. Kafin in fita tasha sai na cika randunan gidanmu, na yanko wa tumaki ciyawa, in damina ce kuma sai na fara biyawa ta gona. Abin da kunne ke ji da safe shi ne luguden mata a turmi, da guga tana dukan bakin rijiya, da muryar mahaifiyata tana cewa in bar tsayuwar surutu a hanya. Yanzu injin niƙa ne da babura, sai wayoyi, kowa da abin da tasa ke faɗa masa. Akwai gidan bidiyo guda a bayan kasuwa, rumfar zana ce da janareta mai tari, a nan muka fara ganin fatalwa a talabijin, ta 'yan Indiya da ta 'yan Sin. Kaset ɗin duk ya sha jiki, har fuskar dodon ke rawa ba don ya so ba. Sau da yawa janareta kan mutu daidai inda za a buɗe ƙofar da aka ce kada a buɗe, mu zauna cikin zafi muna zagin mai rumfar. Mahaifiyata ba ta son wurin. Takan ce wanda ya kai kansa a tsorata shi, kada ya kuskura ya tashe ta in ya yi mafarki. Amma bidiyo sai an samu sarari. Abin da yake na kullum shi ne akwatin Baba Tasha.

Ba sunansa ke nan ba, mu ne muka laƙaba masa, don ya daɗe yana aikin jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha, yana ɗaga tuta yana juya layi. Da jirgi ya fara wuyar gani sai ya tattaro ya dawo Gumel da akwatin katako guda, ya samu gindin darbejiya a bayan tashar mota, kusa da teburin mai shayi, ya kafa benci. Siriri ne, baƙi, ba a cika ganin haƙorinsa ba, tabaraunsa ƙafa ɗaya ta karye ya ɗaure da zare. Akwatin cike yake da littattafan haya. Akwai ƙanana na Hausa, labarin 'yan sanda da ɓarayi da gidajen da aljanu suka kama. Akwai masu kauri na Turanci da fasinjoji suka manta a jirgi, bangonsu kaɗai ya isa ya hana ka cin tuwo, ƙoƙon kan mutum da kyandir a kai, ko hannu yana ɓullowa daga kabari, waɗannan malaman makaranta ne ke ɗauka. Namu su ne masu zane, waɗanda magana ke fitowa daga bakin mutum cikin wani abu kamar ƙwai. Daga Nijar ake shigo da su, da Faransanci aka rubuta, ba ma jin ko kalma ɗaya, hotunan muke bi. Shi kuwa Baba ya ce Turanci a jirgi ya tsince shi, Faransanci kuma a wani kantin gyaɗa a Damagaram inda ya yi ƙuruciya yana awo. Ba wanda ya ga lokacin, ba kuma wanda ya musa.

Littafin haya a garin da ke kusa da iyaka ba ya son dawowa. Wani ya ɗauka ya ba wani, wancan ya sa a aljihu ya hau mota, kafin ka ankara littafinka ya wuce Maigatari ya zama ɗan wata ƙasa. Sai Baba ya fito da dabararsa. Duk littafin da ya shigo hannunsa, kafin ya shiga akwati, sai ya ɗauki reza ya yanke fallen ƙarshe, a hankali kamar wanzami, ya rubuta lamba a kan fallen, ya rubuta irinta a cikin bango, ya jefa fallen a wani babban gwangwanin madara. Ka ɗauki littafi ka je ka bi shi har inda ɗan sanda ya tara mutanen gida a falo ya ɗaga yatsa zai nuna, sai ka ci karo da bango. In kana son sanin wanda aka nuna, ka dawo da littafin. Na Hausa zai ba ka fallen ka karanta a kan benci a gefensa, ka miƙa masa abinsa. Na Faransanci kuwa sai littafin ya gama zagaya mu duka, sannan ya sa rana, bayan la'asar, ya karanta mana ƙarshen da bakinsa. Ranar har 'yan dako sukan ajiye kura, mai faci ya bar taya a ruwa. Har yanzu ina jin ƙarar murfin gwangwanin nan idan ya sa gindin cokali ya ɓalle shi. Sai ya yi gyaran murya, ya nisanta takardar da fuskarsa, ya karanta layi ɗaya da wannan yaren mai fita ta hanci, sannan ya juya mana shi da Hausa. Ba mai tari. Yau ka tara samari goma su yi shiru don jin shafi ɗaya mu gani.

Littattafan nan su suka lalata ni, ko in ce su suka koya mini abin da na zama. A cikinsu duk wanda ya fi kowa kuka a kan gawa shi ake kamawa. Wanda ya kawo maka ruwa yana murmushi, ka duba kofin. Na kwashi wannan na fito da shi titi. Na fara sa wa direbanmu ido, na sa wa masu awo a kasuwa, daga ƙarshe na juyo kan Baba Tasha. Makon da mai gidan da yake haya ya hana shi ɗaure akuya a zaure, a littafin da aka buɗe mai gida ne ya yi kisan. Da wani mai allura ya yi masa allura hannunsa ya kumbura, ba a yi kwana goma ba likita ya zama mugun labarin. Na ajiye waɗannan biyun a raina yadda ɗan sandan littafi ke naɗe guntun sigari a hankici. Sai na kai wa Dogo. Dogo abokina ne tun muna wasan ƙasa, yana koyon gyaran keke da babur a tashar, mutum ne da in ka ce masa an ga raƙumi a kan hasumiya zai tambaye ka ko an sauko da shi lafiya.

"Dogo, tsohon nan ba karatu yake yi ba. Ƙirƙira yake."

"To in ƙirƙira yake, me ya rage ka da shi?"

"Ya mayar da mu wawaye."

"Kai ai a haka ya same ka," in ji Dogo, ya ci gaba da goge sarƙar keke.

Ana haka wani littafi mai shuɗin bango ya shigo, lamba goma sha bakwai. Gida ne a kan dutse, da wani tsoho mai dukiya da aka tarar a kujera ya mutu, kofi a ƙasa kusa da ƙafarsa. Wani abu fari yana yawan giftawa ta taga, 'yan aiki suna cewa fatalwa ce. Mutum huɗu ake zargi: matar tsohon, direbansa, ɗan ƙanensa mai caca, da wani kuku mai ƙiba da kullum yake gefe da tire a hannu. Littafin ya yi kusan wata yana yawo a hannunmu har gefensa ya yi baƙi da man inji, kullum ana musu. Dogo ya ce ɗan ƙanen ne. Ni dai na ce ko wane ne, ba direba ba ne, don mu 'yan mota ba ma haka. A makon da za a buɗe gwangwani sai Baba ya yi faɗa da mai shayi, saboda ruwan wankin kofuna ya gangaro ya jiƙa gindin akwati. Sun yi cacar baki sosai, har Baba ya ce masa ƙazami. Da yamma na ja Dogo gefe na ce masa, "Gobe kuku ne zai yi kisan, mai dafawa da miƙa kofi. In ba haka ba ka daina gaishe ni."

Washegari Baba ya ɓalle murfi ya zaro lamba goma sha bakwai. Na kutsa na leƙa ta kafaɗarsa. Babu hoton kamu, babu ankwa. Fuskar ɗan sanda ce kawai a kusurwa, sai wata wasiƙa da ta cinye sauran shafin, rubutu cunkus. Wato ba abin da ido zai kama, sai abin da Baba ya ce. Ya karanta ta hanci, ya juya mana. Ya ce wasiƙar kuku ce. Ya ce shekara ashirin yana dafa wa tsohon abinci, tsohon bai taɓa kiran sunansa ba sai dai ya buga cokali a kofi, shi ya sa ya zuba masa guba a shayi. Farin abin da ke gifta taga kuma zanen tebur ne yake yafawa don a ɗora wa fatalwa.

"Baba, a shayi kuma?" in ji mai shayi. "Duk abincin duniya sai shayi?"

"Haka aka rubuta."

"Allah ya sa dai ba a rubuta ya jiƙa masa akwati ba."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na dubi Dogo, ya kawar da kai.

Baba ba ya kulle akwati in zai tafi masallaci, don a lokacin ba a san a taɓa kayan dattijo ba. Ranar jajiberin kasuwar Maigatari da aka kira azahar, na yi kamar zan sake alwala, na zagayo ta bayan bishiyar. Murfin ya yi mini ƙara kamar duk tasha za ta ji. Cikin gwangwanin ƙanshin madara ne da tsohuwar takarda. Na zaro goma sha bakwai, na ninke, na cusa a hulata, na je na bi sahun baya ina sallah da kayan sata a kaina.

Kasuwar Maigatari a ranarta ba wurin tambayar karatu ba ce, raƙuma na gurnani, shanu na kuka, dillalai na rantsuwa. Amma na riga na zaɓi mutumina. Wani Alhaji ne daga Damagaram mai fataucin kanwa da dabino, mun saba ɗaukar masa kaya. Babbar riga, farin tabarau, biro uku jere a aljihun gaba, kuma da kunnena na sha jin yana gaisawa da jami'an can ƙetare da Faransanci suna amsa masa. Bayan mun gama loda masa buhuna na rusuna na miƙa masa fallen.

"Ranka ya daɗe, a taimaka a duba mini wannan."

Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo leɓensa na motsi.

"Ina ka samo wannan, samari?"

Na ba shi labari duka, har da ruwan wankin kofi.

"Su wa da wa ke cikin gidan?"

Na lissafa masa su huɗun.

"Shi tsohon naku ya ce wa?"

"Kuku."

Ya yi murmushi, ya kaɗa takardar da bayan yatsa. "Babu kuku a nan. Matar ce, ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro. Ku dai mutanen Najeriya, kowa ya yi magana ta hanci sai ku ce Faransanci ne."

Na dawo Gumel a bayan mota ina jin kaina kamar ɗan sandan da ke kusurwar shafin. Kashegari bayan la'asar benci ya cika. Baba ya riga ya gano. Bai ɗaga murya ba, ya ce falle ɗaya ya fita daga gwangwani, wanda ya ɗauka ya mayar lokacin sallah kamar yadda ya ɗauka, shi ba zai tambaya ba. Hanya ce ya ba ni, da ina da hankali da na bi ta. Sai na miƙe, na cire hula, na zaro fallen a gaban kowa.

"Ga shi, Baba, ni na ɗauka. Na kai an karanta mini a Maigatari. Ba kuku ba ne, matar ce. Ba ka jin Faransanci. Duk wanda ya ɓata maka rai shi kake sakawa a ƙarshe."

Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Wa ya karanta maka, ɗana?"

"Wani Alhaji ɗan Damagaram."

"Ya yi lakwal?" Makarantar boko ta can yake nufi.

"Biro uku ne a aljihunsa."

"Uku," in ji Baba, ya jinjina kai. Na miƙa masa fallen, ya ƙi karɓa. "Riƙe abinka. Ranar da ka samu wanda ka yarda da shi, ya karanta maka."

Abin da ya faɗa ke nan. Bai rantse ba, bai kira shaida ba, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin ya kamu. Mutane ma haka suka ɗauka. Ban san rushe dattijo abu ne mai sauƙi haka ba. Da ranar buɗe gwangwani ta sake zagayowa, yana fara karatu wani ɗan dako ya ce, "Baba, da wa aka yi faɗa wannan makon, mu san mai kisan tun yanzu?" Aka kwashe da dariya, mai shayi har da buga tebur. Baba ya mayar da fallen, ya danna murfi, bai sake buɗe shi a gaban jama'a ba. In ya wuce sai ka ji ana cewa ga Baba Kuku nan. Malaman makaranta suka ci gaba da ɗaukar na Turancinsu na ɗan lokaci, amma masu zanen suka kwanta a akwati, don ba mai son littafin da ba za a gaya masa ƙarshensa ba. Dogo ne kaɗai ya ci gaba da zuwa, ya zauna a ƙarshen benci, Baba ya karanta masa ƙasa-ƙasa su biyu. Kafin kaka ta zagayo tsohon ya koma wurin 'yarsa a Gagarawa, ya bar wa Dogo akwati da gwangwani. Can ya rasu. A bakin wani direba na ji, ban je ta'aziyya ba, na ce mota ba ta da lafiya. Dogo kuma ya koma Sule Tankarkar ya buɗe rumfar gyaran babur. Ba mu yi faɗa ba. Gaisuwa ce dai ta yi ta gajarcewa har ta zama ɗaga hannu.

Shekaru suka tafi, na zama direba, na yi aure, gwiwa ta fara ciwo. Wata rana na ƙetara da kaya, ina layi a ofishin duwan, wato kwastan na can, sai ga Alhajin nan a gabana. Ya tsufa, gemu ya yi fari, biro uku na nan daram. Aka miƙo masa takarda. Ya gyara tabarau, leɓensa suka fara motsi, irin motsin nan da na sani. Can sai ya juya ya miƙa wa wani ɗan kasuwa da ke kusa da shi ya ce, "Duba mini me suka ce." Da aka gama aka kawo tawada ya dangwala babban yatsa. Ina tsaye ina kallon yatsan nan, sai tambayoyinsa suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, su wa ke cikin gidan, tsohon ya ce wa. Da bakina na jera masa su, shi dai ya zaɓi wata daban don kada a ce bai iya ba. Ni mai sa wa kowa ido, biro na gani na sallama. Ranar saura kaɗan in take jaki da mota a hanyar dawowa.

Za ka ce to me ya hana ni kai fallen wurin wani. Masu jin Faransanci ba su ƙare ba, kullum ina cikinsu, akwai ma wani malami mai koyar da shi da na sha ɗauka a mota. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba. Muddin ba a karanta ba, ina iya ce wa kaina Alhaji bai iya ba, Baba ma bai iya ba, an yi canjaras, kuma maganar mai gida da ta likita tana nan ba wanda ya warware ta. Fallen ya zauna a jakar lasisina, daga baya ya koma ƙasan akwatin ƙarfen ɗakina, ƙarƙashin takardun fili. Halin kuwa bai bar ni ba. Har yau in bakanike ya ce abu ya lalace sai na ce ya ciro ya nuna mini, in 'ya'yana suka yi shiru na san akwai magana. Wani lokaci ina da gaskiya. Amma masu zama da ni su yi hira ba su da yawa, ban kuma ce laifinsu ba ne.

To ran nan da na ga Uwata ta ja fim da yatsa, sai na tashi da ƙyar na shiga ɗaki na ɗaga takardun fili. Fallen ya yi ja, ya tsage a layin ninki, amma lambar Baba tana nan da shuɗin biro.

"Uwata, wayar nan taki tana jin Faransanci?"

"Tana ji, Abba. Ɗora ta kawai ake yi a kan rubutun."

"Ba sai na gaya mata su wa ke cikin gidan ba?"

"Wane gida?"

"Ɗora dai."

Ta shimfiɗa fallen a tabarma, ta danne gefensa da kwanon gyaɗa, ta saita wayar a kai. Na ga rubutun yana rikiɗa a gilashi ya koma Turanci, ita kuma tana juya mini da Hausa, tana tsayawa inda takardar ta tsage. Ta ce wasiƙa ce, wani ne yake cewa shi ya yi. Shekara ashirin yana dafa masa abinci. Bai taɓa kiran sunansa ba.

"Sai dai ya buga cokali a kofi," na ce.

Ta ɗago ta dube ni. "Abba, ashe ka san labarin. To me ya sa ka sa ni wahala?"

"Akwai zanen tebur?"

Ta duba. "Akwai. Fari."

Ƙarya ne in ce na yarda nan take. Na sa ta aro wayar matar maƙwabcinmu, wata iri daban, aka sake ɗorawa. Kuku ne dai.

Ranar kasuwar Sule Tankarkar na shiga mota na tafi. Na tarar da Dogo a rumfarsa, ya rame, ya yi furfura, yana zaune a kan wani abu da aka lulluɓe da buhu. Sai da ya tashi ya ba ni wuri na gane akwatin ne. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta iyali da gajiya da damina, irin wadda ake yi in ba a san ta inda za a fara ba. Sannan na zaro fallen na miƙa masa. Bai tambaye ni mene ne ba. Ya tashe ni daga kan akwatin, ya tona, ya fito da mai shuɗin bango, ɓera ya ci kusurwarsa. Ya gwada fallen a wurin yankan reza, ya zauna daidai. Bai bar shi a ciki ba. Ya jawo gwangwanin, ya sa sukudireba ya ɓalle murfin, ƙarar nan ba ta canza ba, ya jefa fallen cikin 'yan'uwansa ya danne.

"Dogo, kuku ne," na ce.

"Mun sani."

"A'a, ina nufin an tabbatar. Waya biyu."

"Mu tun a ranar muka sani. Baba ya karanta mana, kana tsaye a kafaɗarsa."

Can na tambaye shi ko ya san inda kabarin yake a Gagarawa. Ya ce ya sani, in na shirya ranar Juma'a ya kai ni. Da na tsaya a nan da ya fi, sai bakina ya riga ni.

"To amma na mai gidan nan da na likitan, kana ganin su ma haka aka rubuta?"

Dogo ya dube ni, ya dubi gwangwanin da ke tsakaninmu. Aka kira la'asar a masallacin kasuwa. Muka tashi, ya ja buhu ya rufe akwati, ya bar sifanoni da baburan mutane a fili kamar yadda ya saba. Gwangwanin ne ya ɗauka ya matse a hammata, ya ce in wuce gaba.